Aji Biyu a Bromakoté

Duk wanda ya ji Sharifa tana sa-in-sa da direban woro-woro, irin tasin nan na haɗaka, tana zazzaga masa Faransancin titi don ya wuce inda ta ce ya tsaya, zai rantse a Abidjan aka yanke mata cibi. Ba haka ba ne. A Katsina aka haife ta, kuma sai da ta fara famfara mahaifinta Alhaji Alu ya aika aka kawo su ita da mahaifiyarta. Shi ya daɗe a can yana shigo da kayan gyaran babur daga Kano, ya kama ɗaki biyu a Treichville, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, bayan babban masallaci.

Ba ta gama gane hanyar gida ba aka sa ta lekol, wato makarantar boko ta can, inda daga gaisuwa har zagi komai da Faransanci ne. Aka ajiye ta a bencin baya. Malami ya yi magana, yara su amsa baki ɗaya, ita ma ta motsa leɓe tare da su, ba sauti. Ta ƙware a motsa bakin nan har malamin ya daina lura da ita. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, yarinyar da a Katsina ba ta barin kowa ya sa baki a hira ta zama wadda ake tambayar uwarta ko kunnenta lafiya. Daga baya kan ya buɗe, ta kama, ta wuce waɗanda suka yi mata dariya. Amma ba ta yafe wa waɗannan shekarun ba, kuma ba ta ɓoye hakan. In zancen ya taso sai ta ce sace mata su aka yi ido na ganin ido.

Ta yi karatun koyarwa, ta auri Sadi, wani mutum marar hayaniya da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a tashar jiragen ruwa, suka haifi 'ya'yan da in ta yi musu Hausa sai su amsa mata da Faransanci. Alhaji Alu ya rasu, mahaifiyarta ta koma Katsina, ita ta zauna a ɗakunan nan na bayan masallaci. Aikin da ta samu a Adjamé yake, a makarantar Malam Babani da ke unguwar Bromakoté, don haka kullum sai ta tsallaka gada da safe ta dawo da yamma, da alli a gefen mayafi.

Malam Babani aminin mahaifinta ne. Tare suka shigo ƙasar suna samari, kuma shi ya wanke Alhaji Alu ya sallace shi, shi ya sa Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata 'yar Alhaji. Makarantarsa ta fara da allo da tawada a zauren haya, ta girma ta zama ɗan bene da ake koyar da Larabci da Faransanci, a matse tsakanin shagon masu walda da rumfar wata mai suyar ayaba. Tsoho ne dogo mai sanyin murya. Duk Bromakoté an san ba ya iya cin abu wani yana kallo, goro ɗaya sai ya gutsuttsura shi ya bi kowa da nasa, ko da abin da zai kai bakinsa bai fi ƙwayar wake ba. Sannan ba wanda ya taɓa jin a'a daga bakinsa. Ko me ka zo da shi zai ce to, Allah ya sa albarka, in ka tafi ya yi abin da ya ga ya dace. Sharifa ta san wannan hali tun tana yarinya. Da ciwo a faɗa, amma ta sani sarai.

Makarantar ita ce masaukin 'ya'yan sababbin zuwa. Duk shekara sai 'yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Damagaram sun kawo iyali, su sauka wajen dangi, su miƙa wa Malam Babani yaran. Waɗanda aka haifa a Abidjan ba su da damuwa, da Faransanci suke wasa, da shi suke faɗa. Sababbin ne ke cika bencin baya suna motsa baki, kuma Sharifa tana gane su tun daga ƙofa. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa, ta raɗa wa yaro da Hausa abin da ake nufi, ta ga fuskarsa ta saki. Amma ita kaɗai ce, ajin kuwa ya cika har bakin ƙofa, kafin ta kai ga na ƙarshe an tashi. Shekara da shekaru tana wannan raɗar, gwiwoyinta suka fara ƙara, yaran ba su ragu ba.

Ta haura arba'in sannan ta koma jami'a neman digirin dokta, a sashen da ke nazarin yadda ake tsara darasi da yadda ake koyarwa da na'ura. Matan tsakar gida suka samu abin yi. In ta fito da jaka sai wata ta ɗaga murya daga bakin famfo, ga 'yar lekol nan, yi sauri kar malam ya zane ki. Sadi dai ya koyi dafa shinkafa, kuma a wajen Sadi wannan babbar magana ce.

Abin da take so ta yi ba shi da wuyar faɗa. So take ta zuba waccan raɗar a cikin tablet, irin babbar wayar nan mai faɗin allo, yadda kowane yaro zai samu mai raɗa masa ba sai ya jira ta ba. Madam Akissi, farfesar da ke duba aikinta, mace ce mai kaifin ido da tsadar yabo. Ta saurare ta har ƙarshe, ta ce tunanin yana da kyau, sai dai a jami'a ba a yarda da abin da ido ya gani sai an auna shi. Haka mutanen nan suke, Allah ya shirye su. Ko ruwa ake tafkawa a kansu, ba za su ce sun jiƙe ba sai sun nemo wanda ke cikin ɗaki sun gwada rigarsa da tasu.

Tsara darussan ya ci mata lokaci fiye da yadda ta zata. Ta fara daga abin da yaro ya zo da shi a bakinsa. Hoton tsoho zai fito, murya ta ce baba, yaro ya taɓa, harafin ya bayyana, daga nan a kai shi ga kalmar Faransanci mai farawa da wannan sautin. In ya yi kuskure ba tsawa, muryar ce kawai za ta ce, a'a, sake dubawa. Kowane darasi gajere ne, daidai haƙurin ƙaramin yaro. Da gangan kuma ta sa Hausar tana raguwa daga darasi zuwa darasi, kamar yadda ake yaye, har a wayi gari yaro yana bin umarni da Faransanci bai lura an janye masa hannu ba. Da ta gwada na farko a kan 'ya'yan maƙwabta, sai ta ga ba sa son zama su kaɗai da abin, sai sun jawo wani sun nuna masa. Ta rushe rabin aikin ta sake gina shi don yara su riƙa zama biyu-biyu.

Muryar tata ce. Samun inda za ta ɗauke ta ma wani fama ne, domin daga Treichville har Adjamé ba inda ya san shiru. A ƙarshe ta lura cewa ranar Juma'a, in masu walda sun tafi masallaci, Bromakoté tana ɗan numfasawa. Sai ta shiga ɗakin ajiya na makaranta, ta jingina tsofaffin tabarmi a ƙofa, ta yi ta faɗin baba, banane, ballon a cikin waya, gumi yana bin bayanta, har sai ta ji an sake kunna injin walda.

Wata ƙungiya mai ofis a Plateau, unguwar manyan ofisoshi, wadda shugabanninta ke ƙasar waje, ta yarda ta ba da aron tablet na shekara guda, ma'aikatanta kuma suka saka darussan a cikin manhajarsu. Sharaɗinsu a fili yake. In bincike ya nuna darussan suna aiki, za a kai su makarantun Adjamé da Treichville da duk inda 'ya'yan Hausawa sababbin zuwa suke. In bai nuna ba, su kwashe kayansu. Hanyar nunawar kuwa ɗaya ce: a raba sababbin yara gida biyu da ƙuri'a, aji ɗaya ya yi karatu da tablet, ɗaya ya yi yadda aka saba, a ƙarshen shekara a gwada su a ga tazarar da ke tsakaninsu. In akwai tazara, darussan sun rayu. In babu, sun mutu.

Ta samu Malam Babani a zaurensa bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani daki-daki.

"Wato rabi za a ba, rabi su zuba ido?" ya tambaya.

"Na bana ne kawai, Baba. In an ga amfaninsa, baɗi kowa zai samu, har da na wasu makarantu."

"Su waɗanda ba a ba, me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Ƙuri'a ce. Da su ne ake gane ko abin yana aiki."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "To, 'yar Alhaji. Allah ya sa albarka."

Ta tashi da murnarta. Ya kamata a ce ta sake zama, ta faɗa masa ƙarara cewa in yaran ɗayan ajin suka taɓa tablet, aikin gaba ɗaya ya lalace. Amma yaya za ta tsaya tana gindaya wa aminin ubanta sharaɗi kamar wani ɗan haya? Ta faɗa sau ɗaya, a sassauce, ta ga ya wadatar. Makullin kabad ɗin da za a riƙa ajiye kayan ma shi ta miƙa wa, domin a ce malama ta rufe kabad a makarantar mutum ta tafi da makulli gida, wannan rashin kunya ne.

Aka jefa ƙuri'a a gaban iyaye. Ta raba wa da ƙane, ta raba 'yan ɗaki ɗaya, aka yi ta gunaguni, Malam Babani ya yi ta ba da haƙuri. Aka ba wani matashin malami ajin da ba tablet, Sharifa ta ɗauki ɗayan. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma daga tsakiyarsa zuwa sama da bulo mai huji aka gina shi don shan iska. Ƙa'idar bincike ta hana ta shiga wancan ajin, ita kuwa ta riƙe ƙa'idar da hannu biyu, ko leƙe ba ta yi. Ranar Laraba da Asabar tana jami'a.

Wannan ita ce shekara mafi daɗi a rayuwarta, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Yaran da suka shigo suna motsa baki, kafin azumi suna gardama a kan wane ne ya riga taɓa harafi. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta ba ta miƙe wata safiya ta karanta abin da ke rubuce a jikin kwalin alli, ta zauna abinta. Sharifa ta juya ta fuskanci allo don kar su ga idonta. Takan duba tablet ɗin ta ga an maimaita darussa fiye da yadda ta tsara, sai ta ji daɗi, ta ce yaranta ne ba sa ƙoshi. Wani lokaci kuma takan jiyo waƙar haruffa da ta shirya tana fitowa ta hujin bango daga ɗayan ajin. Ta ce a ranta a filin wasa suka tsince ta, kuma ai waƙa ba karatu ba ce. Mutum in yana cikin jin daɗi ba ya son bin diddigi.

Da shekara ta ƙare, ɗalibai suka zo daga jami'a, waɗanda ba su san wane yaro ne na wane aji ba. Suka zauna da kowane yaro shi kaɗai, ya karanta haruffa, ya karanta kalmomi, ya karanta ɗan gajeren labari ya amsa tambaya. Bayan 'yan makonni Madam Akissi ta kira ta ofis ta juya mata fuskar kwamfuta. Layi biyu ne a jiki, ɗaya kwance a kan ɗaya.

"Babu bambanci," in ji Madam Akissi da Faransanci. "Duka ajin biyu sun yi abin mamaki, ban taɓa ganin sababbin zuwa sun kai nan ba. Amma tare suka kai. A takarda, tablet ɗinki bai ƙara komai ba."

Sharifa ta ce a sake lissafin. Aka sake, bai canza ba. Ta fito, ta shiga mota ba ta san ta shiga ba, sai ganin kanta ta yi a Adjamé. Da yake ko duniya za ta tashi sai an yi miya, ta ratsa ta kasuwar Gouro neman albasa, tsakanin manyan motocin doya da buhunan tattasai da masu tura baro suna ihun a ba su hanya. Can ta hango Hajara, wata 'yar Maraɗi mai sayar da albasa, wadda 'yarta Zaituna ta faɗa ajin da ba a ba tablet ba. Ranar ƙuri'a ba wanda ya kai Hajara ɗaga murya. Sharifa ta so ta kauce, amma an riga an gan ta.

"Tanti Sharifa! Zo nan dai, yau albasa kyauta ce," in ji Hajara, tana cika leda. "Wallahi mun gode. Zaituna yanzu har abin da ke jikin buhu take karanta mini. Kullum tana kwaikwayon muryarki, a'a, sake dubawa, a'a, sake dubawa. Jiya babanta ya sa hula a karkace, haka ta ce masa."

"A ina ta ji wannan?"

"A tablet mana. Ran Laraba da ran Asabar. Ai Malam Babani mutumin kirki ne, vraiment, da gaske. Ya ce a lekol ɗinsa ba a raba 'ya'ya. Ya dai ce kar mu dame ki da zancen, aiki ya yi miki yawa."

Sharifa ta karɓi ledar ta yi godiya. Daga kasuwar zuwa Bromakoté ba nisa, da ƙafa ta tafi.

Ta samu Malam Babani a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, domin ko me ya faru gaisuwa ba ta faɗuwa. Sannan ta tambaye shi. Bai musa ba, bai ma nuna alamar an kama shi da wani abu ba.

"Tun makon farko ne," ya ce. "Na fito zagaye na gan su sun hau benci suna leƙe ta hujin bango. Yaro yana kallon ɗan'uwansa yana dariya da abu a hannu, shi yana haɗiyar yawu. Ranar da ba kya nan kuma kayan suna kulle a kabad ba mai amfani da su. Na ce wannan haƙƙi ne, kuma ni za a tambaya."

"Amma da safe a cike nake samun su da wuta."

"Gidana nake kai su in sa musu. Na ce in ba ki sani ba, mutanenki ba za su ga laifinki ba. Laifin ya tsaya a kaina."

"Baba, me ya sa tun farko ba ka ce mini a'a ba? Da na nemi wata makarantar."

Ya dube ta da mamaki na gaske. "Ke fa 'yar Alu ce. Yaya zan yi in ce miki a'a?"

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, ta kawo zancen tazara, ta kawo zancen sauran makarantu. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya tambaye ta, yaran dai sun iya karatun ko ba su iya ba? Ta ce sun iya. Ya ce to alhamdu lillahi. Ta so ta yi ihu har masu walda su jiyo. Ba ta taɓa jin haushin mutum kamar yadda ta ji nasa a wannan lokacin ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da inda za ta sauke haushin, don ta san da ita ce ke kallon yaran a kan benci, da wuya ta kai ƙarshen shekara ba ta buɗe kabad ɗin ba.

Da ta gaya wa Madam Akissi, matar ta cire gilashi ta ce mata yako, kalmar da mutanen ƙasar ke yin jaje da ita. Suka bi duk ƙofar da za a iya bi. A gwada yaran bana da na bara? Na bara ba wanda ya auna su. A sake gwajin a wata makaranta? Ƙungiyar ta ce shekarar aro ta cika, kuma an riga an yi wa wani aiki alkawarin kayan. Sharifa ta rubuta gaskiya a cikin kundinta, babi guda, cewa ajin biyu sun cuɗanya don haka sakamakon ba ya yanke hukunci, ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma manyan ƙungiya ba sa karanta babi. Rabin shafi suke karantawa, kuma tambayar da ke wurin ɗaya ce, an samu bambanci ko ba a samu ba. Madam Akissi ta dage aka ƙara jimla ɗaya ta gargaɗi. Kafin labarin ya kai ga rahoton shekara na ƙungiyar, jimlar ta zube a hanya.

Sai da aka sa ranar kwashe kayan Malam Babani ya gane girman abin. Bai gaya wa kowa ba, ya sa babbar rigarsa ta idi, ya naɗa rawani, ya shiga bas zuwa Plateau don ya ba su haƙuri. A saninsa, duk ɓarnar da aka yi, in dattijo ya taka da ƙafarsa ya ce laifina ne, magana ta ƙare. Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, wata budurwa mai ladabi ta kawo masa ruwan sanyi, ta yi masa bayani cewa ba wanda ke fushi da shi, kuma masu yanke shawarar ba sa ƙasar. Ya zauna har aka tashi daga aiki ko wani babba zai fito. Ba wanda ya fito, don babu shi. Daga ranar tsufa ya sauko masa gaba ɗaya, ya daina zagayen azuzuwa, ya bar wa ɗansa makarantar.

Mota ta zo ta kwashe tablet ɗin, aka rufe manhajar. Abin da ya rage wa Sharifa muryarta ce a cikin kwamfuta. Ta gwada tura wa iyaye ta waya, amma ba hoton da yaro zai taɓa, ba harafin da zai bayyana, sai wata mata tana ta cewa sake dubawa, ba abin dubawa. Bayan ɗan lokaci ta daina.

Digirin kuwa ta samu. Alƙalan jami'a ma sun yaba mata a kan gaskiyar da ta rubuta. Matan tsakar gida suka yi anko, aka dafa shinkafa da kaji, masu tsokanarta da 'yar lekol suka koma kiranta Dokta, Sadi ya yi ta washe baki yana raba lemo. Ita tana zaune a tsakiya da lalle a hannu, tana jin kamar a gidan makoki take kuma ita kaɗai ta san an yi mutuwa. Ta koma ajinta a Bromakoté. Wani ɗan fata ɗaya ya rage mata, ba ta faɗa wa kowa ba: ko wata rana masu makarantun Hausawa su haɗa kai da kansu su nemo tablet, a samu wanda zai sake gina manhajar.

Bayan sallar layya aka yi walimar saukar karatu a Treichville, aka kafa rumfa a layin da ke gefen babban masallaci. Malamai suna zaune a sahun gaba, an kawo Malam Babani an zaunar da shi a tsakiyarsu. Sharifa ta je gaishe shi da kwanon abinci. Tana durƙushe sai wani da ke kusa da shi ya ce, ashe wannan ce Dokta Sharifa? Malam Shamsuddin ne, shugaban wata babbar makaranta a Treichville, mutum mai zafin nama da sauran masu makarantu ke jin maganarsa.

"Dokta, na daɗe ina son in gan ki in yi miki godiya," ya ce, da ƙarfi yadda duk sahun zai ji. "Tun da na ji labarin tablet ɗin nan na Bromakoté na hana kaina sakat. Na tara direktocin makarantunmu, har mun yi shawarar mu nemo namu da kanmu. Sai na ce bari in fara zuwa Plateau in ji. Suka nuna mini rahoto, suka ce an gwada, Hausar ba ta ƙara komai. Na ce wa ya gwada? Suka ce ai Bahaushiya ce ma, 'yar Treichville. Da na ga sunanki sai hankalina ya kwanta, na san ba za ki cuce mu ba. Na koma na ce wa jama'a a bar zancen, c'est fini, an gama. Allah ya saka miki da alheri, kin hutar da mu."

Maganar tana bakinta. Abin yana aiki, Malam, gwajin ne aka lalata. Amma zai ce wa ya lalata, a gaban malaman Treichville da Adjamé gaba ɗaya, mai shi kuwa ga shi nan a zaune. Ko da ta bi shi daga baya ta faɗa masa a keɓe, mutum ne mai son hujja, kuma ya riga ya ga wadda ta gamsar da shi, da sunanta a kai. Ta ɗaga ido ta dubi Malam Babani. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano, ya sunkuyar da kai yana jiran ta faɗa.

"Amin, Malam," in ji Sharifa. Sannan ta tambayi Malam Shamsuddin ya iyali.